Yadda Taifot Ta Tona Cikin da Na Ɓoye

Sallama gare ku 'yan uwana mata, har da mazan da za su leƙo su karanta sannan su ce ba su gani ba. Sunana Rabi, ɗinki nake yi a gida a nan Dutsin-Ma, amma asalina 'yar Kurfi ce. Tun bara nake cewa zan rubuta jinyar da na yi da bazara, sai yau Allah ya ba ni zama. Duk mai juna biyu, da mai fatan samu, ta gyara zama ta ji wautar da na tafka, don kada ta maimaita.

Shekarata bakwai da aure, ɓari biyu na yi. Na farkon, ko wata biyu bai cika ba na sanar da duniya. Har mai kawo mana ruwa sai da ya sani. Da ya zube, mata suka ce baki ne. Na biyun na ɗan rage surutu, na gaya wa mutum huɗu kacal, shi ma ya tafi. To ka san wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da na ga alamar na uku, na kama hannun maigidana, Malam Sabitu, na ce ya rantse babu mai ji, ko uwarsa ko tawa, sai cikin ya fito ya faɗi kansa da kansa. Ya ce ya ji, amma awo fa? Na ce awon me? Ranar awo a asibiti ai kasuwa ce, duk matan unguwa suna can a kan benci suna ƙirga wa juna watanni. Na ce sai wata bakwai tukuna.

Wayyo daɗi! Ban taɓa jin daɗin wani sirri irin wannan ba. Na ɗinka wa kaina hijabai uku har ƙasa. In maƙwabta sun shigo suna yi mini addu'ar Allah ya kawo rabo, sai in sunkuyar da kai in ce amin, alhali dariya na cina a ciki. Ranar da na fara jin motsi ina kan keken ɗinki ne, ina haɗa wuyan wata riga. Wani abu ya yi mini ɗil a ƙasan cibiya. Na cire ƙafata daga kan keke, na zauna shiru, ya sake yi. Na tashi na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki, rigar mutane kuwa sai washegari na ƙarasa ta.

Kwaɗayin cikin nan ɗaya ne, ƙanƙara. Zafin bazara ya taso, wuta ba ta zama, ni kuma in ban tauna ƙanƙara garas-garas ba ji nake kamar zan yi kuka. Malam yana gyaran injin ban ruwa ne wa masu noman rani a gefen dam ɗin Zobe, to kullum in zai dawo sai ya tsaya ya sayo mini ƙulli biyu ko uku a bakin hanya. Ruwan sha kuwa ni ce sarkin tsafta, sai na tafasa na tace. In ya huce sai in jefa masa ƙanƙarar nan in shanye.

Cikin yana wata biyar zazzaɓi ya fara. Da safe in tashi ƙalau, da la'asar sai kai ya ɗauki sara, jiki ya yi zafi. Kullum na yau ya ɗara na jiya. A kwana na huɗu na ja jiki na je kemis. Mai kemis ya ɗebi jini ya gwada, ya dawo ya ce, "Akwai taifot kaɗan." Ban ji komai ba. A garinmu wane ne ba ya da taifot kaɗan? Duk wanda ya yi ciwon kai kwana biyu, taifot za a ce masa.

Ya ɗauko wasu fararen ƙwayoyi manya, sai ya tsaya ya dube ni ya ce, "Hajiya, ba juna biyu dai ko?"

Gaskiya bawan Allahn nan ya yi aikinsa, ya tambaya. Amma a bayana akwai wata maƙwabciyata da ta zo sayen maganin tari, kunnenta a miƙe. Na ce, "Babu." Na karɓa na fito.

Da na isa gida tsoro ya kama ni. Maganin an ba ni shi ne a matsayin marar ciki, in na sha ya taɓa mini ɗa fa? Na haɗiyi ɗaya, na tura sauran ƙarƙashin katifa. Kullum Malam ya dawo ya ce na sha magani, in ce na sha. Ga shi ban sha magani ba, ban je asibiti ba, ban faɗa wa kowa ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sati na biyu ya shigo da ƙarfinsa. Abinci ya fita raina, harshena ya yi fari fat, ciki ya ɗaure kwana huɗu babu bayan gida, ga wani ciwo a gefen dama. Tsayuwar salla ma ta gagara, sai a zaune. Malam ya ce asibiti za mu, na sa masa kuka na ce ya kai ni gida Kurfi in huta, tunda shi wuni yake a bakin dam, babu mai ba ni ko ruwa.

Ya ce, "Rabi, ɓoyon nan naki ya fara ba ni tsoro."

Na ce, "Ka rantse fa, Malam."

Ya je ya tsayar da mota.

A nan sai na bayyana muku mutanen gidanmu. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma Inna tana cikin masu riƙon kunyar ɗan fari da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in za ta yi maganata sai ta ce "waccan". Ba ta zama da ni a tabarma ɗaya, ba ta tambayata abin da ke damuna. Da aka yaye ni, Gwaggo Lami, yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni ta riƙe har aure. Gidanta katanga ɗaya da namu, kuma tun da Baba ya rasu maganarta ce magana a gidajen biyu. Gwaggo mace ce mai murya, in tana gaisuwa a soro ana ji a bakin kasuwa.

Tana ganina ta taɓa goshina ta ce, "Mi na ji? Taifot? Ita ta kada ki haka? Ke dai raguwa ce tun kina ƙarama. Kwana ukku na ba ta, in ba ta bar jikinki ba ki canza mani suna."

Nan da nan ta sa aka yo mata ganyen darbejiya, da na mangwaro, da gwaiba, da gwanda, da ɓawon maɗaci. A sha rabi, a yi sirace da rabi, wato a lulluɓe mutum da bargo shi da tukunyar tana tururi har gumi ya keto masa. Duk Kurfi an san siracen Gwaggo.

Tukunyar farko ta tafasa, an sauke ta a tsakar gida tana jiran a kawo bargo. Sai ga Inna ta zo wucewa da tsintsiya, ƙafarta ta ɗauki tukunyar, ta kife gaba ɗaya. Ta ce, "Subhanallahi, ban gani ba." Gwaggo ta yi ta faɗa har magariba.

Washegari aka sake haɗa wata. Gwaggo ta leƙa gidanta ɗauko bargo, kafin ta dawo Inna ta tuttular da ruwan a makwarara.

"Hauwa'u, lahiyarki kau? Mi ya shiga kanki?"

"Na ɗauka ruwan wanke-wanke ne, Yaya."

"Ruwan wanke-wanke da ganye ciki shina tururi?"

Inna ta kau da kai, can ƙasa-ƙasa ta ce, "Da dai an kai ta asibiti."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Iye! Yau kuma kunyar ɗiyar fari ta ƙare? Jama'a ku zo ku ji Hauwa'u na kishin ɗiyarta!" Inna ta shige ɗaki.

Ina kwance ina jin su, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wato ko maganin da za a ba ni ma matar nan ba ta iya kula da shi ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, kofin da Inna ke ajiye mini a bakin ƙofa da sunan maganin Gwaggo ba ya da ɗaci ko kaɗan. Jiƙon tsamiya ne da ɗan sukari. Na ɗauka bakina ne ya mutu.

A kwanakin nan biyu motsin ya ragu. Da, in na sha abu mai sanyi sai ya harba. Yanzu in danna nan, in danna can, in juya hagu, shiru, sai can a ɗan taɓa ni kamar ba a so. Na tsorata iyakar tsorata. Kuma duk da haka ban buɗe baki ba, don gani nake in na furta kalmar ciki, na kira ɓarin da bakina ke nan. Ku ce mini wawiya, na karɓa.

Rana ta uku Gwaggo ta yi wayo. A gidanta ta dafa, ta ɗauko tukunyar da kanta a rufe bayan azahar, ta shigo da ita har ɗakin da nake. Ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugune, ta ajiye tukunyar a gabana, ta rufe mu da bargo, ta buɗe murfin. Jikina dama kamar garwashi yake, ga tururi ya bugi fuskata. Numfashi ya fara yi mini wuya, zuciyata na bugawa har cikin kunne, sai na ji marata ta ɗaure tamau. Na ce, "Gwaggo, zan mutu." Ta danne bargon ta ce, "Ciwon ne ke fita, daure."

Ban san lokacin da aka fizge bargon ba. Iska ta buge ni, na ɗaga ido, sai ga Inna tsaye da bargon a hannu, ɗankwalinta ya zame.

Ta ce, "Yaya Lami, ba ita kaɗai ba ce! Rabi ciki gare ta! Wata biyar ne, ko da 'yan kwanaki. Kada ki dafa mani jika!"

Jama'a, Rabi ta ce. Da bakinta. Shekarata talatin da ɗaya a duniya, ranar na fara jin yadda sunana yake a muryar uwata. Ga zazzaɓi, ga tsoro, amma wallahi wani daɗi ne ya ratsa ni har tafin ƙafa, na fashe da kuka.

Gwaggo ta yi tsaye baki buɗe. Ta dubi cikina, ta dubi Inna, ta yi salati, ta fara guɗa ta katse a tsakiya, ta dafe ƙirji. Sannan ita da kanta ta sa ƙafa ta ture tukunyar gefe.

"Ciki? Ciki gare ki kika bari na tura ki cikin wuta? Don ubanki, Rabi, ni za ki ɓoye ma ciki? Ni da na wanke maki kashi? Ke kuma Hauwa'u, kin sani kika tsaya kina kifar mani da tukwane kamar akuya? Ba ki da baki?"

Inna ta riga ta gyara ɗankwalinta ta juya baya. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa tun zuwan da na yi wani suna wata uku da suka wuce Inna ta gane, don ta ga na toshe hanci da aka buɗe daddawa, ta kuma ga yadda nake dafa ƙugu in zan tashi. Tun ranar take ƙirga mini watanni a zuciyarta. Ni na ɓoye saboda tsoron baki, ita ta yi shiru saboda kunya, muka taru muka kusa hallaka abin da muke so mu biyun.

Gwaggo ta kira Malam a waya, ta wanke shi tas, sannan ta ce ya jira mu a ƙofar asibiti a Dutsin-Ma. Aka ɗauko shatar mota. Muna isa muka tarar da layin yankar kati har waje. Gwaggo ta riƙo hannuna ta kutsa tana cewa, "Ku ba mu hanya, bayin Allah! Mai ciki ce, wata biyar, shekara bakwai muna jira!" Sirrin da na riƙe wata biyar, Gwaggo ta raba wa Dutsin-Ma shi kyauta cikin minti biyar. Har maƙwabciyar nan tawa ta kemis tana cikin layin, ta bi ni da ido.

Wata nas ce ta karɓe mu, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Jos, ta daɗe tana aiki a nan. Ta auna zafin jikina ta girgiza kai. Ta kwantar da ni, ta shafa wani abu mai sanyi a marata, ta ɗora 'yar na'urar jin bugun zuciyar jariri. Ta kai nan, shuuu. Ta kai can, shuuu. Malam yana tsaye a bakin ƙofa ya cire hula yana murza ta. Na rufe ido na ce ya Allah, ko ban cancanta ba.

Sai ga shi. Tak-tak-tak-tak, da sauri, kamar kekena in na taka shi ina sauri ranar jajiberin salla.

Na yi ihu na ce, "Shi ne? Sista, shi ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Shi ne, maman baby. Yana nan. Amma gudun ya yi yawa, zafin jikinki ne ke kora shi. Sai mun sauke zafin nan yanzu-yanzu."

Da likita ya zo na zazzage masa komai, har ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, don na sa Malam ya je ya ɗauko su. Ya juya su ya ce ba irin waɗanda suke zaɓa wa mai ciki ba ne, kuma da na faɗa wa mai kemis gaskiya da asibiti zai turo ni. Ya ce amma zaman da na yi kusan sati biyu babu magani ya fi komai haɗari. Ya lissafa mini abin da taifot kan yi wa mai ciki in an bar ta: ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko ɗan ya ƙi girma, ko cutar ta tsallaka ta same shi, ni kuma hanjina ya iya hujewa. Da Gwaggo ta ba shi labarin sirace, sai ya ajiye biro ya ce wata magana da har gobe ba zan manta ba.

"Zafin da kike ji, na cikinki ya fi ki jin sa. Ke kina da mafici, shi ba ya da shi."

Gwaggo ta sunkuyar da kai, karo na farko a tarihi.

Ya tambaye ni ruwan da nake sha. Na gyara murya na ce ai ni sai na tafasa na tace. Ya ce madalla, da me kike sanyaya shi da zafin nan? Na ce ƙanƙara. Ya ce, ita ma kin tafasa ta? Na ce a'a. Ya ce ba zai rantse daga nan cutar ta zo ba, amma ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, sanyi ba ya kashe abin da ke cikinta. Malam da ke sayo ta kullum da hannunsa ya ce, "Innalillahi."

Aka ɗebi jini aka ce za a ajiye shi kwanaki a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, don gwajin gaggawa irin na kemis ba ya tabbatar da komai. Ba su jira sakamako ba, aka ba ni gado, aka sa ƙarin ruwa, aka fara allura ta jijiya wadda ba ta cutar da ciki.

Sati na uku a gadon asibiti na yi shi. Zan gode, zan kuma yi ƙorafi. Ma'aikatan nan sun yi ƙoƙari, amma komai sai an rubuta maka ka fita ka sayo, tun daga allura har safar hannu, kuma sai da Malam ya sayar da wani injin da ya ajiye don ranar wuya. In wuta ta ɗauke ɗakin ya koma tanda, Gwaggo ta yi ta goga mini tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi yadda Sista ta koya mata, tana fifita da murfin kwali. Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa. Wannan ta ce nonon raƙumi, waccan ta ce a jiƙa sassaƙe kaza. Gwaggon da jiya-jiya take dafa ganye, ita ce ta koma korar su. "Likita ya hana! Kun fi shi sani ne? Ku aje lemun ku tahi."

Inna fa? Ta koma gidan jiya. Kullum sai ta shigo motar safe daga Kurfi da kunu a fulas, ta zauna a gindin bishiya a waje, ta aiko da shi. Ba ta shigowa sai an ce mata na yi barci. Wata rana na yi barcin ƙarya, na ji ta ta tsaya a kaina ta daɗe, ta gyara mini zani a ƙafa, ta fita.

Zazzaɓin bai sauka nan take ba, kuma wannan ya tayar mini da hankali. Likita ya ce haka taifot take, sai ta kwana huɗu ko biyar tana jayayya da allura. A kwana na uku da hantsi marata ta murɗa, na je bayan gida na ga ɗigon jini. Na san wannan ɗigon, sau biyu na taɓa ganinsa. Gwaggo ce ta cicciɓo ni. Aka tura ni ɗakin hoto a keken marasa lafiya, ina ta faɗin shi ke nan, shi ke nan. Mai hoton ya juyo mini da allon ya ce in daina kuka in duba. Ga kai, ga ƙashin baya, ga wani ɗan hannu ya ɗaga ya sauke. Ya ce mahaifa a rufe take, amma kada in sake in sauka daga gado sai da dalili.

Kwana na biyar na farka sharkaf da gumi, kaina wasai. Na ce, "Gwaggo, yunwa nake ji." Ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, sai da Sista Rifkatu ta leƙo ta ce, "Mama, asibiti ne fa!" Na sha kunun Inna kofi biyu. Ban ajiye kofin ba na ji an harbe ni, harbi na gaske, har rigata ta motsa. Na ce, "Ya harba! Wallahi ya harba!" Matan da ke sauran gadaje suka ɗauki barka, wata da aka yi wa aiki tana dariya tana riƙe ciki tana cewa in bari kada ɗinkinta ya farke. Ranar ce kuma sakamakon jinin ya fito, taifot ce, kuma ba kaɗan ba.

Kwanana goma aka sallame ni da ƙwayoyin da zan ƙarasa a gida. Wannan karon a gaban Malam nake haɗiya, har in buɗe masa baki ya duba. Aka sake gwada bayan gidana don a tabbatar cutar ba ta laɓe ba. Na yanki katin awo, na zauna a kan bencin nan da nake gudu, aka ƙirga mini watannina, ban mutu ba.

To 'yan uwa, ga abin da na tashi faɗa. In kina tsoron baki, ɓoye wa unguwa, babu laifi. Amma kada ki ɓoye wa mai ba ki magani, ko na kemis ne ko na tukunya. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ga mai ciki na asibiti ne. Kada a lulluɓe ta da bargo, kada ta yanke magani don ta ji sauƙi. Iyayenmu kuma, kunya ado ce, na yarda, amma in kun ga abu ku faɗa da baki tun tukunya ba ta hau wuta ba.

Sauran watannin a tsorace na yi su. Duk hoton da aka yi sai a ce ɗan yana girma, amma ƙarami ne, a ci gaba da lura. Likita ya ce mai yiwuwa ciwon ne ya ja, mai yiwuwa kuma haka Allah ya yi shi. Naƙuda ta zo saura sati uku lokaci ya cika, ranar wata Laraba da safe ana ruwan sama. Kafin la'asar na haihu.

Shiru na ji. Na ɗaga kai na ga Sista Rifkatu ta juya mini baya tana goge wani ɗan abu da tawul, tana murza bayansa da sauri. Na ce, "Sista?" Ta ci gaba da murzawa. Na ce, "Sista, don Allah!" Sai wata 'yar murya ta fito, siririya, ta tsaya, sannan ta tsage da kuka har sai da Gwaggo ta jiyo daga baranda ta amsa da guɗa.

Mace ce, 'yar mitsitsiya, duk tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Aka ce za a riƙe mu kwana uku a ga ko za ta yi zazzaɓi, a ga kuma kamun nononta. Duk lokacin da aka sa mata ma'aunin zafi a hammata, numfashina tsayawa yake sai an cire. Rana ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku Sista ta cire, ta duba, ta ce, "Ƙalau. Ku tattara kayanku."

Ta miƙo mini kati biyu. Na ce ɗaya ne nawa, wannan na wa? Ta ce na mai gadon kusa da ke mana, ai ita ma yanzu mutum ce, sai da katinta za ta riƙa zuwa rigakafi. Tunda ba a raɗa suna ba tukuna, a wurin suna sun rubuta: Jaririyar Rabi Sabitu.

Na iya karatu sarai, har sakandare na gama. Amma na mayar mata da katin na ce, "Sista, karanta mini da ƙarfi."

Ta karanta. Na ce ta sake.